Tambaya da Amsa: Tofido Ya Daki Jirgi Amma Ya Ƙi Fashewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Gwammaja. Wata biyu ke nan ina buga gem ɗin Silent Hunter 4, wanda ake tuƙa jirgin yaƙi mai nutso na Amurka a yaƙin duniya na biyu. Lissafin harbi na iya shi daidai gwargwado, amma tofido, wato bam ɗin da ake harbawa ya yi gudu a cikin ruwa, ya ƙi ni. Wani ya wuce ta ƙarƙashin jirgi, wani ya fashe tun a hanya, wani ina jin ƙarar dukansa amma shiru. Daren jiya shida na sakar wa wata tankar mai, ko ɗaya bai tashi ba. Sau biyu ina goge gem ɗin ina sake ɗorawa. Gem ɗin ne ya lalace ko laftof ɗina?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Don Allah ka daina gogewa. Laftof ɗinka lafiyarsa ƙalau, gem ɗin ma haka. Abin da kake gani da gangan aka saka shi, domin haka ya faru da mutanen da suka yi yaƙin da gaske.

Na san irin zafin da ka ji. Ranar da abin ya fara samuna ina shagonmu na gyaran kwamfuta a Farm Centre, an yi Isha'i, kasuwa ta watse, sai ƙarar janaretan maƙwabci. Kusan awa guda na yi ina bin wani jirgin dakon kaya, na auna nisansa, na auna gudunsa, na saki uku. Idona na kan agogon nan mai ƙirga daƙiƙa. Lokaci na cika na ji ƙwam a kunnena, irin ƙarar guduma a jikin tankin ruwa, sai na biyu, ƙwam. Jirgin ko gezau, ya juya ya kama gabansa. Daren nan ban yi barcin kirki ba, kuma shi ya sa na zauna na bi tarihin abin.

Sunan tofidon da kake harbawa Mark 14, na'urar da ke tayar da shi kuma Mark 6. An ƙera su ne tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu a tashar tofido ta Newport da ke Amurka. Kowane tofido ɗaya ya kai kimanin dala 10,000, kuɗi kuma sun yi wuya a shekarun 1930, sai aka ga asara ce a fasa shi wurin gwaji. Haka aka tura mutane yaƙi a Disambar 1941 da makamin da ba a jarraba shi yadda ya kamata ba. Da kyaftin-kyaftin suka fara dawowa da ƙorafi, hukumar makamai ta sojan ruwa ta ce su ne ba su iya harbi ba.

Duk mai gyara ya san wannan: a kawo maka laftof ya mutu murus, ka gyara bakin caji, sai a lokacin za ka gane batir ma ya tafi, ka canza batir ya kawo wuta, sai ka ga allon a fashe yake. Cuta ɗaya ke rufe 'yar'uwarta. To haka Mark 14 yake, cuta uku a jere.

Ta farko, yana nutsewa fiye da inda aka saita shi. Kan da ake ɗora masa wurin atisaye bai kai nauyin kan bam na gaske ba, sannan 'yar kafar da yake auna nauyin ruwa da ita an mayar da ita can wajen wutsiya, inda gudu ke sa ta yi masa ƙarya, ya ɗauka yana sama alhali yana ƙasa. A watan Yunin 1942 Admiral Charles Lockwood, wani kwamandan jiragen Amurka masu nutso, ya gaji da musu, ya sa aka shimfiɗa ragar masunta a ruwa kusa da Albany ta ƙasar Ostireliya, aka harba tofido ta cikinta, aka jawo ragar aka auna inda ta huje. Ƙafa 11 ne bambancin, wato sama da mita 3. Ka ga wannan dabarar ko masuncin Tiga zai iya kawo ta, amma sai da aka yi wata shida ana yaƙi kafin wani ya yi.

Da aka gyara zurfi sai ta biyu ta fito. Mark 6 na da sashen maganaɗisu wanda aka yi shi don ya ji ƙarfen jirgi ya fashe a ƙarƙashin cikinsa, ya karya shi biyu. Tunanin yana da kyau. Matsalar ita ce maganaɗisun duniya ba iri ɗaya yake ko'ina ba, yadda yake a gabar arewacin Amurka daban da yadda yake a ruwan kudancin Fasifik. Sai ya riƙa fashewa tun bai isa ba. Mai leƙe ta madubin jirgi mai nutso ya ga ruwa ya tashi ya ɗauka ya samu, ashe sanar da maƙiyi kawai ya yi. Ranar 24 ga Yunin 1943 Admiral Nimitz, babban kwamandan sojan ruwan Amurka a Fasifik, ya ba jiragensa umarnin su kashe wannan sashe.

Ta uku ita ce ta tankar manka, kuma ita ta fi cin rai. Ranar 24 ga Yulin 1943 jirgin Amurka mai nutso Tinosa, ƙarƙashin Lawrence Daspit, ya tare Tonan Maru mai lamba 3, ƙaton jirgin Japan mai nauyin sama da tan 19,000. Guda biyu da suka same shi a karkace sun fashe, suka tsayar da shi cak. Daspit ya matso yadi 875, ya daidaita da tsakiyar cikinsa, babu abin da ya fi wannan matsayi kyau a littafi. Ya riƙa saki ɗaya bayan ɗaya har tara. Duk sun daka, babu wanda ya tashi. Goma sha biyar ya harba a ranar, ya riƙe na ƙarshe ya kai shi sansaninsu na Pearl Harbor don a duba. Daga nan aka harba wasu a jikin dutsen tsibirin Kahoolawe a Hawai, aka kuma riƙa sako kawunan tofido daga injin ɗaga kaya, tsayin ƙafa 90, a kan farantin ƙarfe. Bakwai cikin goma da suka faɗo a miƙe ba su yi aiki ba. 'Yar ƙusar da ke dukan abin fashewar ta yi nauyi, ƙarfin karo yana lanƙwasa hanyarta kafin ta isa. Wato iya kyawun harbinka iya lalacewarsa. Aka yi mata sabuwa mara nauyi, zuwa wajen Satumbar 1943 aka samu makamin da za a dogara da shi, bayan wata 21.

Saboda haka abu na farko, dubi kwanan watan da ke cikin gem ɗinka. In kana tsakanin ƙarshen 1941 da ƙarshen 1943, yi abin da kyaftin-kyaftin suka yi.

Buɗe littafin gane jirage, ka ga zurfin da cikin jirgin ya shiga ruwa, sannan ka saita tofido sama da haka sosai. Ni a 1942 kusan a mafi ƙarancin zurfi nake barinsa, sai dai in teku na hauka, domin igiya na iya tayar da shi tun a hanya. Maɓallin da ke zaɓar yadda zai fashe, mayar da shi kan karo kaɗai. Yi wa kowane bututun harba tofido nasa, kada ka ɗauka saitin ɗaya ya wadatar wa sauran.

Sai gudu. Mark 14 na da biyu: mai sauri, kusan kilomita 85 a awa zuwa yadi 4,500, da mai sanyi, kusan kilomita 58 zuwa yadi 9,000. Ɗauki mai sanyin, karon ba zai yi tsananin da zai murƙushe ƙusar ba. Kada kuma ka nemi dukan da ya miƙe sak a digiri 90. Bar shi ya shigo a ɗan karkace, amma ba karkacewar da zai zame a jikin ƙarfe ba. Ni tsakanin 60 da 70 nake nema.

Akwai biyu da laifin namu ne, ba na tarihi ba. Tofido sai ya yi tafiyar kusan yadi 450 kafin ya ɗana kansa, in ka matso fiye da haka ƙarfe kawai ka jefa. Wajen yadi 1,000 ya isa. Sannan buɗe murfin bututu kafin ka harba. In ba ka buɗe ba sai an ɓata daƙiƙoƙi ana buɗewa, lissafinka ya tsufa, ya wuce ta bayan jirgi.

Bayan ka saki, kada ka tsaya kallo. Saurari inda ƙararsa ta nufa, in ka ji tana zagayowa, nutse nan take. Jirgin Amurka mai nutso Tang tofidonsa na ƙarshe ne ya juyo ya kashe shi a Oktobar 1944, mutum 9 kawai suka tsira. Wancan ma Mark 18 ne mai batir, bayan an ce an gama gyare-gyare.

A cikin saitin gem ɗin akwai wurin da za ka kashe lalacewar tofido gaba ɗaya. Shawarata, kashe shi na mako guda kawai, ka yi ta harbi har ka tabbatar hannunka ya faɗa, don ka iya bambance kuskurenka da na makami. Daga nan ka mayar da shi. Ni dai ban ga daɗin gem ɗin ba in an cire wannan, domin ranar da ka kai ƙarshen 1943 ka saki biyu duka suka tashi, za ka ji abin har cikin ranka. Ka ajiye ɗan littafi kusa da laftof, duk harbi ka rubuta zurfi, gudu, kusurwa da abin da ya biyo baya. Harbi ashirin ya isa ka ga inda matsalarka take.

TAMBAYA: Yaya, ni na ɓangaren Jamus nake bugawa, Silent Hunter 3. A ruwan Norway nawa ma suna fashewa kafin su isa. Matsalar ɗaya ce? Daga wata mai karatu a Hotoro.

AMSA: Ƙanwata, kusan ɗaya ce, kuma su Jamusawa sun riga Amurkawa shan wannan wahala. A Afrilun 1940, lokacin mamayar Norway, jiragensu masu nutso sun yi ta harbin manyan jiragen Ingila ba sakamako. Günther Prien, kyaftin ɗin Jamus da ya nutsar da jirgin yaƙin Ingila Royal Oak a 1939, yana cikin waɗanda suka dawo da ƙorafi mai zafi. Su ma sashen maganaɗisun ne ya rikice a can arewa, ga zurfi da ba ya tsayawa inda aka sa shi. Ki mayar da naki kan karo, musamman in ruwa na tashi, ki rage zurfi, ki ba shi sama da mita 300 ya ɗana kansa. Bambanci ɗaya da amsar da na ba ɗan Gwammaja: a naki gem ɗin dukan da ya miƙe ya fi tashi, wanda ya shigo a karkace sosai shi ne ke zamewa, don haka ki nemi kusa da digiri 90.