Amsar tambayar Hajiya kan bahon wanka mai ƙofa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na ji saƙonki tun ɗazu, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu. Ga waɗanda ba su saurara ba, cewa ta yi gwiwoyi sun matsa wa Mama, shiga baho da fita ya zame mata aiki, shi ne ƙannen Hajiya suka ga tallan bahon nan mai ƙofa a gefe, wanda ake buɗewa a shiga a zauna, suna so a haɗa kuɗi a saya wa Mama. Wai abin ya ci kuɗinsa ko kuwa? To bari in amsa a nan kowa ya ji, don na san ba ita kaɗai ke da tsohuwa a gida ba. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Tsoron faɗuwa da kuke ji dai yana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke rasuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. A Amurka ma hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ce cikin kowane mutum 4 da suka kai 65, fiye da 1 yana faɗuwa a shekara. Banɗaki kuwa an haɗa komai wuri guda, ga ruwa ga sabulu ga tayil. Tsoho in ya karye a kwatangwalo sai tiyata da doguwar kwanciya, da yawa ba sa komawa tafiyarsu ta da.

Hajiya, wata rana ki lura da yadda Mama take shiga bahon da kuke da shi. Bangonsa yakan kai santimita 35 zuwa 50. Za ki ga ta ɗaga ƙafa ɗaya, nauyinta gaba ɗaya ya koma kan ɗayar gwiwar mai ciwo, hannu yana laluben bango ko kan famfo. Fitowar ma ta fi wuya, tunda sai ta taso daga ƙasan baho da jiƙaƙƙen jiki. Wannan lokacin shi bahon mai ƙofa ya zo gyarawa. Dokin ƙofarsa bai wuce santimita 8 zuwa 18 ba, akwai wurin zama a ciki mai tsayin kujera, wajen santimita 43, ga ƙarfen riƙewa, ƙasansa mai kaushi ne ba ya santsi, ga shawar hannu. Mai amosanin gaɓɓai in ya jiƙa jikinsa a ruwan ɗumi yana samun sassauci sosai, barci ma yakan yi daɗi. Sannan akwai mutunci. Dattijuwar da ta saba yi wa kanta komai, a ce yau sai an kama ta an shigar da ita wanka, abin yana ci mata rai ko ba ta faɗa ba. In bahon zai dawo mata da wannan, wallahi ba ƙaramin amfani ba ne.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Abin da talla ba ya nunawa shi ne, ba a tara ruwa sannan a shiga. Sai mutum ya tuɓe ya shiga, ya rufe ƙofa, sannan ya buɗe famfo ya zauna yana jira ruwa ya hau daga ƙafa zuwa ƙirji. In ruwan gidan ba shi da ƙarfi, ana iya kai minti 10 ko 15. In ya gama kuma ba halin buɗe ƙofa sai ruwan ya tsiyaye kaf, ga wasu mintocin a zaune, jiki a jiƙe, sanyi yana shiga. Tsofaffi kuma kin san yadda sanyi yake saurin kama su. Yawancinsu ƙofar ciki take buɗewa, nauyin ruwan ne yake danne ta don kada ta yi yoyo. To ki ɗauka Mama ta ji jiri ko ƙirjinta ya riƙe, baho cike. Ƙofa ba za ta buɗu ba, ke kuma ba za ki iya ciccibo ta ta sama ba, bangon ya yi tsayi. Ni wannan shi ya fi tsaya min a rai. Akwai masu ƙofar da take buɗewa waje, akwai masu famfon zuƙe ruwa cikin kamar minti 2, akwai masu kujera mai ɗumama baya, amma kowanne da ƙarin kuɗinsa.

Ruwan zafin kansa sai an yi hattara. Yana buɗe jijiyoyin jini, sai awon jini ya sauka, mutum yana miƙewa ya ga duhu, musamman mai shan maganin hawan jini. A Japan, inda tsofaffi suke yawan zama cikin baho, dubbai ne suke rasuwa a ciki duk shekara, har hukuma take ba da shawarar kada zafin ruwa ya wuce digiri 41, kada zaman ya wuce minti 10. A wannan bahon kuwa lokacin cika da na tsiyayewa duk a cikin ruwan ake yin su. Mai ciwon suga da ƙafafunsa suka daina jin zafi sosai, shi kuma ruwa zai iya ƙona shi bai sani ba, tunda ƙafar ce farkon abin da ruwan yake taɓawa. Don haka kada a sayi wanda ba shi da na'urar daidaita zafin ruwa.

To batun kuɗi. Farashi ya danganta da ƙasa, amma bari in ba ku na Amurka, don can kasuwarsa babba ce. Wanda ba shi da tarkace, na jiƙa jiki kawai, yana kamawa daga dala 2,000 zuwa 5,000. Mai feshin ruwa ko iska na tausa yana kai dala 10,000, har ya wuce. Kuma wannan bahon ne kaɗai fa. Sai an fasa tsohon, mai aikin famfo ya sauya bututu, a gyara tayil, in mai tausa ne a ja masa layin wuta na musamman mai katse kansa in ruwa ya taɓa. Wani lokaci ƙofar banɗakin ma sai an faɗaɗa kafin ya shiga. In an haɗa komai, akwai waɗanda lissafinsu yake tashi kusan dala 20,000.

Abin da mutane suka fi mantawa da shi hita ce. Bahon yana cin ruwa lita 150 zuwa 300. In hitar gidan ƙarama ce, ruwan zafi zai ƙare baho bai kai rabi ba, dole a sayi babba. Kowace lita kuma kilo 1 ce, ki haɗa da nauyin bahon da na mutum, in bene ne mai daɓen katako sai an duba ko zai ɗauka. Daga nan kuɗin ruwa da na wuta su ƙaru duk wata, robar bakin ƙofa ta tsufa ta fara yoyo, bututun tausa kuma in ba a wanke su a kai a kai ƙwayoyin cuta suna taruwa a ciki. Kada kuma a sa rai da inshora. Medicare ta asali, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi a Amurka, ba ta saba biya ba, ba ta lissafa shi cikin kayan jinya. A Ingila akwai tallafin gyaran gida ga masu naƙasa da yake kai fam 30,000, amma sai ƙaramar hukuma ta turo an duba mutum, kuma sau da yawa shawa suke zaɓa masa.

Ni dai ra'ayina, bahon nan na mutum ne da yake iya takawa da ƙafarsa, yana iya zama ya tashi daga kujera, hankalinsa garau, kuma yana son jiƙa jiki da gaske ko likita ya ce ya riƙa yi. Wanda mantuwa ta fara kamawa, ko mai shanyewar ɓarin jiki, ko mai ciwon zuciya da yawan jiri, ban ba da shawara ba. Ku kuma yi tunanin gaba. In nan da 'yan shekaru Mama ta koma keken guragu, bahon mai ƙofar ciki ya tashi aiki, ga kuɗi an zuba. Mai taimaka mata ma wahala zai sha, don sai ya sunkuyo ta kan dogon bango kafin ya cuɗa mata baya.

In matsalar tsallake bangon ne kawai, shawa marar tudu, wadda ƙasanta daidai yake da na banɗaki, a sa kujerar wanka, a kafa ƙarafan riƙewa cikin bango sosai, ba masu mannewa da roba ba, a sa shawar hannu, ta biya buƙata, kuma za ta ci gaba da amfani ko da keke ne. Akwai ma benci da ake ɗorawa kan tsohon bahon, rabi ciki rabi waje, mutum ya zauna ya zura ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Wannan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, a makon nan ma za a iya sa shi kafin a gama shawara.

In kuma kun ce sai bahon, to ku kai Mama ta zauna a cikin irinsa ta ja ƙofar da hannunta, don wasu makullan suna son ƙarfin yatsu. Ku karɓi farashi a rubuce daga kamfani 3, da kuɗin haɗawa a ciki, ku tambayi garantin robar ƙofa daban. Mai tallan da ya zo gida ya ce ragin na yau ne kawai, a sa hannu yanzu, ku sallame shi.

Hajiya, ki tambayo min abu uku. Mama tana tashi daga kujera ba tare da an kama ta ba? Wane magani take sha na hawan jini ko suga? Sannan ita da bakinta, zama cikin ruwa take so ko kuwa ta watsa ta fito? Ki turo min da hoton banɗakin da na hitar ta gefe, sai mu ga wanda ya dace. A gaida ta da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.