Na sha maganin laulayi marar suna, ko zai taɓa abin da ke cikina?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da cikin fari, wata biyu. Amai ya matsa mini, sai maigida ya karɓo mini ƙwayoyi a kemis, ƙulle a leda, ba kwali ba suna. Na sha kwana biyar, aman ya tsaya. Surukata ta ce tunda ni ban ji komai ba, abin da ke cikin ma lafiyarsa ƙalau, wai ai gudan jini ne tukuna. Ni dai barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya, 'yar'uwa. Ki daina shan ƙwayoyin daga yau, amma ki kwantar da hankali, domin yawancin magungunan amai da ake ba masu ciki ba sa nakasa ɗan tayi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar surukarki. Girmanta na nan, amma ba ta yi daidai ba, kuma kusan kullum sai na ji irin wannan magana daga bakin wani.

Wannan tunanin ne ya jawo bala'in talidomaid. A 1957 kamfanin Grünenthal na Jamus ta Yamma ya fito da shi da sunan Contergan, maganin barci da kwantar da hankali, har babu takardar likita ana sayarwa. Masu laulayi suka rungume shi. Uwa ta sha, ta yi barci mai daɗi, ta tashi garau. Bayan watanni sai ta haifi jariri da tafin hannu manne a kafaɗa, ko babu kunne, ko da lalatacciyar zuciya. Yara sama da 10,000 aka haifa haka a ƙasashe fiye da 40 kafin a janye shi a ƙarshen 1961. Iyayen nan ma ba su ji komai ba.

Amurka ta tsira ne saboda taurin kan mace guda, Dakta Frances Kelsey, haifaffiyar Kanada. Tana sabuwar ma'aikaciya a hukumar abinci da magunguna ta Amurka a 1960 aka ajiye mata takardun kamfanin Richardson-Merrell na neman izinin sayar da talidomaid, ana jiran ta sa hannu kawai. Ta ƙi. Tun tana Jami'ar Shikago, lokacin yaƙin duniya na biyu, ta gwada kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, a kan zomaye, ta ga magani na ratsa mabiyiya, kuma abin da hantar uwa ke narkarwa ɗan tayi ba ya iya narkar da shi. Da ta samu labarin talidomaid na kashe jijiyoyin hannu da ƙafa ga manya, sai ta nemi hujjar cewa ba ya taɓa ɗan tayi. Kamfanin ya yi ta sintiri da ƙorafi, hujja kuwa babu. Duk da haka an haifi yara 17 da nakasa a Amurka, saboda samfurin gwaji da aka rarraba wa likitoci. A 1962 Shugaba Kennedy ya karrama ta, aka kuma tsaurara dokar gwajin magunguna.

Batun "gudan jini ne" ya fi ba ni takaici. Talidomaid yana yin ɓarnarsa ne tsakanin kwana 20 zuwa 36 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar sun yi ɓatan wata ba. A makonnin nan ake tsara zuciya da hannuwa da ƙafafu, bututun laka kuma, wanda ke zama ƙwaƙwalwa da lakar baya, yana rufewa wajen kwana 28. Wato lokacin da ake ganin cikin bai yi ƙwari ba shi ne mafi hatsari. Amma sai yaron kemis da ko sunan sinadarin bai iya karantawa ba ya ɓare ƙwayoyi daga kwali ya zuba a leda, don kada a gane a je wani shago. Bai tambayi ranar al'adar ƙarshe ba, bai ma ga matar ba. Masu jiƙe-jiƙe a bayan mota da lasifika kuma su ce nasu itace ne, ba ya illa. Kwinin ɗin da Kelsey ta gwada ai daga ɓawon itace yake.

Kada kuma a zarce gona da iri. Maganin farfaɗiya balfurowet yana nakasa kusan jariri ɗaya cikin goma, amma mai shan sa ba za ta yanke shi da kanta ba, likita ne zai sauya mata, tun kafin ciki in da hali.

Yanzu maigida ya koma kemis ɗin, a nuna masa kwalin da aka ciro ƙwayoyin, ya ɗauko hotonsa a waya. Ki tafi awo cikin makon nan da hoton da ragowar ƙwayoyin, ki faɗi ranar da kika fara sha da ranar al'adarki ta ƙarshe. Ki fara shan folik asid, bitamin ɗin da ake ba masu ciki, in ba ki fara ba, sannan ki nemi a yi miki hoton ciki na duba gaɓoɓi tsakanin mako 18 zuwa 22.