Amsa ga mai tambayar nawa ya dace a biya mai reno

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya jariri. Kin ce hutun haihuwarki ya kusa ƙarewa, kuɗin gidan reno zai cinye rabin albashinki, kuma kina tsoron ki ɗauko mai reno ki tauye mata haƙƙi.

Ki fara auna albashinta da mafi ƙarancin albashi na Najeriya, naira 70,000 tun Yulin 2024. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma matar da za ta wuni da ɗanki daga bakwai da rabi har la'asar, kasuwar da kike shiga ita ma ita take shiga.

Gida ɗaya da wuya ya ɗauki wannan. Ku haɗu ku uku, maƙwabta ko abokan aiki, ku ɗauki babbar mace ɗaya ta riƙe yaran a gidan ɗayarku. Kowacce ta ba da 24,000, an tashi 72,000 ke nan. Kada jarirai 'yan ƙasa da shekara su wuce uku a hannunta, don ɗaya na goye, ɗaya na shan nono, na uku na kuka, na huɗu kuwa ba mai ganinsa. Abincin ranarta da kuɗin adaidaita daban ne, kada a cire su daga albashi.

Ku rubuta yarjejeniya ko da a takardar makaranta ce: lokacin zuwa da tashi, ranar biya, ranar hutu a mako, kuɗin kowace awa idan uwa ta makara, da sanarwar wata guda ga duk wadda za ta janye. Wajen iyakar aikinta ake yawan ɓatawa. An ɗauke ta reno, sai a soma "ɗan wanke mini kwanukan nan", gobe wanki, jibi cefane. Hankalinta ya rabu, yaro ya rarrafa wajen risho, ita kuma ta gaji ta tafi Sallah ba ta dawo ba.

Kuɗin ya shiga hannunta ko asusunta, kada ya bi ta hannun dillaliya. Kuma don Allah ki guji ɗauko 'yar shekara goma daga ƙauye don araha. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai 12 ba aikatau, kuma yarinyar da ita ma reno take buƙata ba za ta san abin yi ba idan jariri ya shaƙe.

Nonon da kika tatsa yana awa 4 a ɗaki, a firji kwana 4 in ba a ɗauke wuta ba, sai ki rubuta lokaci a jikin kwalba. Yaro mai zazzaɓi ko gudawa ya zauna gida ranar, amma albashinta na nan cif, ba ragi.