Sunan Zhao da ake rubutawa 曌

Ka tambayi ma'anar sunan yanka Zhao da dalilin da ba a cika jin sa ba. In dai 曌 ne, sunan Wu Zetian ne, mace ɗaya tilo da ta hau gadon sarautar Sin da sunanta, daga 690 zuwa 705. Dominta aka ƙirƙiri harafin: rana da wata a sama, sararin samaniya a ƙasa, wato haske mai game duniya. Sunan sarauniya ne, harafinsa kuma baƙo ne ga mutane da yawa, shi ya sa masu shi kaɗan ne.

Amma kar ka haɗa shi da 赵, sunan dangi da ya cika gari. Furucinsu ɗaya. Nemi mai sunan ya rubuta maka, ka nuna wa malamin Sinanci.