Amsa kan jan kyarkecin Amurka

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na ga hoton jan kyarkecin da ka turo da tambayarka tun da safe, sai yanzu na samu sukuni, kuma na ga gara in yi murya don rubutu zai yi tsawo. Ka ce yaya za a yi a ƙasa kamar Amurka, ga doka ga kuɗi, dabbar da ta kusa ƙarewa har yanzu ana harbe ta.

To ka ga jan kyarkecin nan, da can ya cika kudu maso gabashin ƙasar. Da Turawa suka zo suna sare daji suna kiwo, sai suka bi shi da tarko da guba, har lada ake biyan wanda ya kashe. A shekarun 1970 aka kwashe ragowar daga bakin tekun Texas da Louisiana, aka tantance, guda 14 kacal aka yi iri da su. A 1980 aka ce babu sauransa a daji. Sai 1987 aka saki maza 4 da mata 4 a gandun Alligator River, jihar Karolina ta Arewa. Suka hayayyafa har suka haura 100, daga baya suka faɗo ƙasa da 20. Daga 2019 zuwa 2021 ko ɗa ɗaya ba a haifa a daji ba.

Babban abin da ya ci su shi ne bindiga. Akwai wata dabba koyot, kamar dilanmu take, tana da yawa kuma an halatta farautarta. Daga nesa ba ka bambanta su, balle da dare. A 2012 jihar ta ba da izinin farautar koyot da dare da fitila, sai da kotu ta shiga maganar aka hana a ƙananan hukumomi 5 da kyarkecin yake. Wani maharbin kuskure ne ya yi da gaske. Wani kuma da gangan yake yi, ya fake da cewa ya zaci koyot ne. Ba don dabbar na cin shanunsa ba, domin abincinta barewa ne da zomo da gafiyar ruwa, ɓarnar da take wa makiyaya kaɗan ce ƙwarai. Haushin gwamnatin tarayya yake ji, a ganinsa an kawo dabba an zuba masa a gona ba a shawarce shi ba, ga ta tana rage masa barewar da yake farauta.

Amma abin da ya fi taɓa ni, Yaya, harsashi ɗaya ba rai ɗaya yake ɗauka ba. Su waɗannan namiji da mace suke zama tare shekara da shekaru, suna rainon 'ya'ya. Lokacin farautar barewa kuma yana zuwa ne gab da lokacin barbarar kyarkecin. In aka harbe namijin, macen ta duba ba ta ga ɗan uwanta ba saboda ƙarancinsu, sai ta haɗu da koyot. 'Ya'yan su fito ruwa biyu. Ka ga jinin yana narkewa ke nan, ko da ba a ƙara harbin kowa ba. Shi ya sa ma'aikata ke kama koyot su yi musu aikin hana haihuwa su sake su, don su tsare wuri ba tare da sun gurɓata iri ba.

Sai mota. Babbar hanya mai lamba 64 ta ratsa gandun, masu zuwa bakin teku suna sheƙa gudu. A 2024 mota ta buge wani uban kyarkeci, 'ya'yansa 5 suka mutu a bayansa, ana zaton uwar ce ta kasa ciyar da su ita kaɗai. Wallahi da na ji sai da jikina ya yi sanyi. A ƙarshen shekarar aka amince da dala miliyan 25 don gina musu hanyoyin wucewa ta ƙarƙashin titin.

Wancan abin wuya ruwan lemo da ka gani a hoton kuwa, yana da na'urar bin sawu, kuma da gangan aka zaɓi launin, don maharbi da direba su hango shi su san ba koyot ba ne.