Robar gindin bindiga ta yi danƙo

Malam, ka ce ka jingine bindigar farautarka tun damina, yanzu robar gindinta, wadda ke kare kafaɗa lokacin harbi, ta yi danƙo tana kama hannu. Tawa ma ta taɓa yin haka a Daura: ina ɗaga ta, sai ga zaren buhu ya manne mata kamar an shafa ƙaro. Abin ya dame ni ƙwarai.

Robar ce ta fara narkewa. Zafin bazara a nan yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Ga laimar damina. Wani mai laifin kuma shi ne man da muke shafa wa ƙarfen, domin in bakin bindigar yana sama, gangarowa yake yi ya jiƙa robar.

Fara cire harsashi. Ka goge robar da ruwan sabulu, in ta bushe ka barbaɗa hoda. Sauƙi ne na ɗan lokaci. Don Allah kada ka sa fetur ko kananzir, ƙara narkar da ita za su yi. In ta fara tsagewa, ba ta dawowa, sai ka kai wa mai gyara mai lasisi ya sauya sabuwa. Daga nan ka riƙa ajiye bindigar baki ƙasa, a wuri mai sanyi.