Corolla mai kilomita 280,000, in saya?

Tambaya: Malam, maƙwabcina zai sayar min da Toyota Corolla ƙirar 2008, ta ci kilomita 280,000. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, kar ka dogara da mitar da ke ƙirga kilomita kawai, wasu juya ta baya suke. Je da sassafe kafin a tada injin, kuma da bakanikenka ba nasa ba, in salansa na fidda shuɗin hayaƙi to tana ƙona baƙin mai ne, buɗe murfin baƙin man in ka ga abu kamar madara wallahi ka haƙura, ruwa na shiga injin. Tuƙa ta da kanka ka ji shigar giya.

Ka tabbatar lambar shasi, wato lambar jikin motar, ta dace da ta takardar kwastam kafin ka ba da ko sisi. Kuɗin gyaran da bakanike ya lissafa, a rage maka shi.